Gyauron Zentraedi: yaya zan hana wasanmu zama harbe-harbe kawai?

Ɗan Harobanda:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa jagorantar wasan labari na kan tebur, irin wanda mutum ɗaya yake tsara duniya yana ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da zai yi, sai a jefa ɗan ludo a ga ko abin ya yiwu.

Wana da ya yi karatu a Kanada ya bar mini littattafai biyu na Robotech, wasan da kamfanin Palladium Books na Kevin Siembieda ya fara fitarwa a 1986. Ɗaya shi ne uwar dokoki, ɗayan kuma ƙari ne a kansa, kuma wannan ƙarin shi ya kama zuciyata. A labarin, wani ƙaton jirgin baƙin halittu ya faɗo duniya a 1999, masu nemansa suka iso a 2009. Su ne Zentraedi, ƙattai masu siffar mutane da tsawonsu ya kai na bene, waɗanda aka ƙirƙira don yaƙi kawai. An gwabza, duniya ta kusa ƙonewa, rundunarsu ta watse. Ƙarin littafin bayan duk wannan yake farawa. Babban yaƙi ya ƙare, amma akwai gyauron mayaƙan da suka ƙi miƙa wuya, sun maƙale a dazuzzukan Kudancin Amurka cikin gawarwakin jiragensu. Ƴan wasa su ne matuƙan manyan injinan yaƙi da ake turawa a kansu: Veritech, mai rikiɗa daga jirgin sama zuwa mutum-mutumin ƙarfe, da Destroid, mai tafiya a ƙasa ɗauke da manyan bindigogi.

Muna yi a fadarmu daren Asabar bayan isha'i, nan hayin gada kusa da jami'a. Mu shida ne har da ni. Ni nake karanta Turancin in juya musu da Hausa, kowa da kayensa da bik yana rubuta abin da ya rage wa injinsa.

Ga damuwata. Faɗa ɗaya yana cinye mana dare. Kowane hari sai mai kai shi ya jefa ɗan ludo mai fuska 20, wanda aka kai wa ya jefa nasa don kaucewa, sannan a jefa na ɓarna, a rage daga hannu ko ƙafa ko ƙirjin injin. Zagaye ɗaya a cikin labarin daƙiƙa 15 ne kacal, amma kowane matuƙi yana da hare-hare da yawa a cikinsa, don haka kafin mu gama zagaye biyu an sha shayi na farko da na biyu, gawayi ya mutu. Wanda ba layinsa ba ne sai ya koma kan waya.

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne wannan: na zaɓi littafin ne saboda tausayin da waɗannan mayaƙa suke ba ni. An yi su don yaƙi, waɗanda suka yi su sun yar da su, ba garin komawa, ba sana'a. Amma abokaina da sun ga ƙura ta tashi sai a saki makamai masu linzami. Sun ma gano dokar da ta ce ba a iya kauce wa huɗu ko fiye idan an harba su tare, yanzu ba mai harba ƙasa da huɗu. Akwai ɗaya daga cikinmu, bakanike ne a garejin babura, ya zaɓi jarumi mai gyaran injina maimakon matuƙi. Dare guda cur yana zaune bai yi komai ba, domin a dokar wasan maki ɗaya na babbar ɓarna, irin ta makaman injinan yaƙi, daidai yake da maki 100 na ɓarnar yau da kullum, wanda ba ya cikin sulke ko leƙowa ba zai yi ba. Ya fara cewa zai daina zuwa, kuma shi ne wanda ya fi kowa sauraro idan ina ba da labari.

Ƙarin ƙaramar tambaya: da me kuke maye gurbin masu fuska 20 da 10? Na ludo kawai ake samu a nan, wayata kuma ba ta riƙe caji idan an ɗauke wuta.

Mai Kwali:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da mai sauƙin. Sayi karta mai 52, ba ta bilot mai 32 ba. Ware daga 1 zuwa 10 na ja guda, da 1 zuwa 10 na baƙi guda. Ja yana nan yadda yake, baƙi a ƙara masa 10, ka samu 1 zuwa 20 ke nan. A kaɗa bayan kowane zari, in ba haka ba lissafin zai karkace. Na masu fuska 10 kuma, in ana son lamba cikin ɗari, jajayen goma kawai za ka ɗauka a zara sau biyu, na farko gomomi, na biyu ɗaiɗaiku, a ɗauki 10 a matsayin sifili.

Game da daɗewar faɗa, kada ka ji tsoron rage doka, kai ne mai teburin. Ƙananan mayaƙan abokan gaba ka daina lissafa musu gaɓa-gaɓa. Injin Zentraedi na gama-gari, mai ƙafa biyu kamar jimina, dama sulkensa ba shi da kauri, ka ce bugu biyu masu kyau sun kwantar da shi. Cikakken lissafi ka bar wa kwamandansu. Sannan ka zana fili a bayan kwalin sukari, marufan kwalba su zama injina, kowa ya ga inda yake ba sai an yi ta tambaya ba.

Na makamai masu linzami kuwa, ai littafin ya faɗi adadin da kowane injin yake ɗauka. Ka riƙe wannan da gaske. Sansani yana nesa, motar kaya ba ta zuwa sai bayan kwanaki. Wanda ya zubar da nasa a faɗan farko zai shiga na biyu da bindiga kawai. Sau ɗaya za a yi wa mutum haka ya fara ƙirga.

Yaya Ta Tawa:

Ƙanena, shawarar Mai Kwali za ta gajarta maka faɗa, amma ba za ta sa abokanka su ji abin da kake ji ba. Ni da ƙannena muke irin wannan wasa a gida lokacin hutun makaranta, kuma abin da na lura shi ne mutum ba ya tausayin wanda bai taɓa jin muryarsa ba. Kai ka karanta littafin, ka san tarihinsu. Su kuwa abin da suke gani shi ne marfin kwalba yana matsowa.

Akwai abu biyu a labarin Zentraedi da ban ga ka yi amfani da su ba. Na farko, ba su iya gyara ba. Waɗanda suka ƙirƙire su da gangan suka hana su wannan ilimi don kada su tsaya da ƙafarsu. Sun iya tuƙi, sun iya harbi, amma abu in ya lalace sai dai a ci gaba da shi a haka. To ka yi tunanin rundunar da ta yi shekaru a daji, kullum injin ɗaya yana mutuwa, ba mai tayar da shi. Me suka fi buƙata a duniya? Bakanike. Abokin nan naka da yake zaune shiru shi ne mutum mafi daraja a filin gaba ɗaya. Ka sa su sace shi, ko su aiko masa da saƙo a ɓoye: zo ka gyara mana injin tace ruwa, mu kuma mu saki mutanen ƙauyen da muke riƙe da su. Ka bar shi ya shiga cikin jirginsu, ya ga ƙato kwance da ciwon da ba wanda ya san yadda ake ɗaure shi, ya ga sun ɗaure ƙafar injin da igiyar ƙarfe don ba su san kusoshi ake ƙarawa ba. Tunda sana'arsa ce ta gaske, ka tambaye shi me zai fara dubawa, ka bar amsarsa ta yi aiki a labarin ba sai ya zari karta ba. Za ka ga yadda zai buɗe baki.

Na biyu, ana iya mayar da su girman mutum ta wata na'ura tasu, kuma a labarin da yawa sun yarda an yi musu haka sun zauna cikin mutane. Sun tashi maza daban mata daban, ba su san aure ba, ba su san waƙa ba, ganin waɗannan abubuwa ma ya taɓa rikita rundunarsu. To ka saka ɗaya a ƙauyen da ke kusa da sansanin, yana ɗaukar kaya a kasuwa, yana koyon gaisuwa. Duk wata yana kai wa tsoffin abokansa hatsi a ɓoye, ba don yana son yaƙi ba, don tare aka ƙyanƙyashe su. Ranar da ƴan wasanka suka kama shi da buhu a ka, ba makami mai linzamin da zai yanke musu hukunci.

Roƙona ɗaya. Idan ka ɗauko labarin daga Kudancin Amurka ka kawo shi ƙasa irin tamu, ka ari yanayin wuri, tsaunukan Adar da kwaruruka da tafki irin na Tabalak, amma ka ƙirƙiri sunayen garuruwa. Kada ka ce ga ƙauye kaza da ake da shi a gaske. Labarin mayaƙa a daji suna sauka kan ƙauye su karɓi hatsi ba almara ba ne a wajen wasunmu, kuma ba ka san wanda yake da ɗan'uwa a can cikin masu zama tare da kai ba.

Tsohon Matuƙi:

Ina goyon bayan Yaya. Ƙari kaɗan daga wani wasan: a BattleTech, wanda FASA ta fitar a 1984, injin yana ɗaukar zafi duk lokacin da ya yi harbi ko gudu, in ya yi yawa sai ya mutu a tsaye, tsayawa cikin ruwa kuma yana taimaka masa ya huce. Ka aro wannan. Wanda ya san zafin Afrilu a Yamai ba sai an yi masa bayani ba. Da ka sa wannan doka, tafki ɗaya ya zama abin da kowane ɓangare yake so, mutanen ƙauye da dabbobinsu ma shi suke sha.

Sannan tunda karta za ku riƙa zara a bakin titi, ka sanar da dattawan unguwa tun wuri cewa ba kuɗi a ciki, ka nuna musu littafin da kwalin. Mai wucewa zai ɗauka caca ce.

Ɗan Harobanda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, maganar sunayen garuruwa na karɓa, akwai ɗan Tilaberi a cikinmu.

Ga yadda na tsara Asabar mai zuwa. Rundunar ƴan wasa za ta iso tafkin da makaman da suka rage mata kawai, ba ƙari. Za su tarar da injin Zentraedi ɗaya tsaye cikin ruwa har gwiwa, murfinsa a buɗe, matuƙin yana zaune a bakin gaɓa hannunsa ba makami. Ba zai nemi kwamanda ba, sunan bakanike zai kira, domin wanda yake ɗaukar kaya a kasuwa ya riga ya kai musu labarinsa. Ban gaya wa abokina komai ba, na dai ce masa kada ya kuskura ya ƙi zuwa.

Abin da ban yanke ba shi ne wannan, kuma ina son jin ra'ayinku kafin ranar. Idan ya yarda ya gyara musu injin ruwan, su kuma suka roƙe shi ya koya wa ɗaya daga cikinsu riƙon sifana, hannun da ya iya tayar da injin ruwa gobe zai iya tayar da injin yaƙi. In sa kwamandan sansani ya haramta masa tun farko, ko in bar shi ya zaɓa da kansa, abin ya biyo su daga baya?