Token: hatimi, makulli ko tikiti?

Jama'a, a taimaka mini. Ranar Litinin zan koya wa sababbin ma'aikata biyu a ofishinmu na nan Gusau yadda ake haɗa Power BI, manhajar Microsoft ta tsara rahoto, da rumbun bayanai, ta yadda kwamfuta ba za ta riƙa tare mutum da tambayar suna da kalmar sirri duk sanda ya sabunta rahoto ba. Da Hausa nake son yin bayanin, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: token.

Ga aikinsa, don mu san abin da muke raɗa wa suna. In ka shiga da asusunka na wurin aiki, ba kalmar sirrinka ake ta kai wa rumbun ba. Wata 'yar shaida mai wa'adi ake ba manhajar, ita take nunawa a madadinka. A tsarin OAuth 2.0, ƙa'idar ba manhajoji izinin shiga da ta fito a 2012, shaidar iri biyu ce. Ƙaramar, a wajen Microsoft, daga awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi ta mutu. Babbar takan kai kwana 90, kuma ba ta da aikin da ya wuce karɓo sabuwar ƙarama ba tare da ka sani ba. Ran da babbar ta ƙare ko aka soke ta, ranar tambaya ke dawowa.

Na riga na tambayi wasu, sun ba ni amsoshi, na gode musu.

Malamina na Hausa ya ce hatimi. Allah ya gafarta Malam, ni dai ban gamsu ba. Hatimi a hannun mai bugawa yake zama, wannan kuwa a hannun wanda aka ba izini yake. Kuma wane hatimi ne ke lalacewa tsakanin Azahar da La'asar?

Makulli ma ba zai yi ba. Ba shi da wa'adi, ga shi masu tsaron bayanai sun riga sun ɗauke shi don wani aikin.

Wani ya kawo "sallama ɗaya" don tsarin nan da ake shiga sau guda a wuce ko'ina. Har na fara murna, sai Hajiyar da muke ofishi ɗaya ta ce: "Kai yaro, a wane gida ka tashi? Ko ka yi sallama a zaure, kowane ɗaki sai ka sake." Maganarta dutse. Mun bar shi a "shiga ɗaya", ba ado amma ba gardama.

Wanda ya raba gardamar token ɗin ƙanena ne, ɗan kabu-kabu, da ko kwamfuta bai taɓa kunnawa ba. Ina ba shi labari ya ce: "Yaya, ai wanga tikiti ne. Da safe muke yanka, duk inda aka tare ka sai ka nuna, ba mai sake tambayar ko kai wane ne. Gari ya waye, ya zama takardar banza."

Sai na tuna Kerberos, tsarin tantance mai shiga da jami'ar MIT ta Amurka ta ƙirƙiro a shekarun 1980, wanda kwamfutocin Windows na ofisoshi ke amfani da shi. Su ma tikiti suke kiran tasu shaidar, kuma in ba a sauya saitin ba awa 10 take yi. Kusan yinin ɗan kabu-kabu ke nan!

Na san za a ce tikiti ma aro ne. E, aro ne, amma ya daɗe da zama ɗan gida, ko tsohuwa a tashar mota ta san shi.

Saboda haka ranar Litinin ga abin da zan faɗa musu: ƙaramar tikiti ce, babbar uwar tikiti. Ku shiga da asusun ofis, ku bar manhajar ta adana shigar, kuma ku rubuta adireshin rumbun iri ɗaya a kowane rahoto, domin harafi ɗaya in ya bambanta, sabuwar tasha take ɗaukarsa ta ce a sake yanka.

Malam, har yanzu ina jiran hukuncinka kan "uwar tikiti".