A taimaka da Hausar "anti-war film", gobe da safe za mu ɗauki shirin

Mai Shiri: Assalamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe tara na safe za mu ɗauki shirin rediyo a kan finafinan yaƙi da abin da ya sa wasu suka yi wa saura zarra, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Akwai fim ɗin da labarinsa yaƙi ne, amma so ake ka tashi daga kallo yaƙin ya fita ranka ƙaf. Misalina All Quiet on the Western Front na 1930, wanda aka ciro daga littafin Erich Maria Remarque. Samarin Jamus ne malaminsu ya zuga suka shiga soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya a cikin ramuka. A ƙarshe jarumin ya miƙa hannu zai kama malam-buɗe-littafi, aka ji harbi ɗaya, hannun ya saki. Kalmar za ta yi ta fitowa a bakina, ina son wadda ba za ta sarƙe mini harshe ba.

Ɗaliba: Wa alaikumus salam Yaya. Fim mai adawa da yaƙi?

Mai Fassara: Daidai ne a takarda, ƙanwata, amma siyasa ta cinye "adawa". Mai sauraro zai ɗauka wata jam'iyya ake nufi. Ni da zan ce "fim ɗin tir da yaƙi". Ko "na ƙyamar yaƙi", sai dai ƙyama a zuci take, tir kuwa furtawa ake, kuma fim furtawa yake yi.

Malamin Nahawu: Kullum sai dogon jawabi a wurin da kalma ɗaya ta isa. Hausa tana da hanyarta ta ɗaura aikatau da suna su zama abu guda: kas-kaifi, hana-ƙarya, har malam-buɗe-littafin da ka ambata. Don haka ƙi-yaƙi. Gaɓa uku, ka faɗa ka wuce. Shekaru ina ba ɗalibaina ita. Sannan don Allah a daina ce mana "fim". Majigi muke da shi. Majigin ƙi-yaƙi, shi ke nan.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, majigi ma ai baƙo ne. Daga sunan Turanci na fitilar nan mai haska hotuna a bango ya samo asali, ya dai riga fim zuwa ne.

Malamin Nahawu: Wanda ya riga zuwa ya zauna, ya ɗauki karin sautinmu, ya zama ɗan gida. Fim ko da wasali bai ƙare ba, shi ya sa kuke ta jingina masa "ɗin". Jin kai ne kawai ya sa matasa ke gudun majigi, gani suke kalmar tsofaffi ce.

Ɗaliba: Malam, ba jin kai ba ne. Mun ba shi jam'i irin namu, finafinai, kamar littafi da littattafai. Idan na ce majigi, na'urar haskawa ƙawayena za su fahimta.

Tsohon Soja: Ku bar rigimar majigi, ni ƙi-yaƙi ce ta dame ni. Malam, a kunnen wanda ya sa kaki, wanda ya ƙi yaƙi shi ne sojan da aka ba umarni ya noƙe. Laifi ne babba, kuma abin kunya. Ku kalli Paths of Glory na Stanley Kubrick, 1957. Janar ya tura sojojin Faransa su kama wani tudu da kowa ya san ba zai kamu ba, harin ya watse, sai aka zaɓo mutum uku aka ɗora musu laifin ragwanta aka harbe. Fim ɗin yana cewa ne mutanen nan ba ragwaye ba ne, manyansu ne suka sayar da su don neman ƙarin girma. Ka kira shi majigin ƙi-yaƙi, ka goyi bayan janar ɗin ke nan. Ba a nuna shi a Faransa ba sai 1975, don sun san inda ya taɓa su.

Mai Shiri: Baba, wannan hujja ta shige ni. Haka na 1930 ɗin ma, mutanen Goebbels, jigo a jam'iyyar Nazi ta Hitler, suka saki ɓeraye a silima a Balin don su tarwatsa kallon, cikin watan Disamban shekarar aka hana nuna shi a Jamus.

Malamin Nahawu: Mahallin magana ke fayyace ma'ana. Idan an ce majigin ƙi-yaƙi, majigin ne ya ƙi, ba sojan ba. A yi ta faɗa a rediyo wata uku, kowa zai saba. Duk kalmar da kuke taƙama da ita yau wani ne ya fara furta ta aka yi masa dariya.

Tsohon Soja: Rediyo ba aji ba ne, Malam. Sau ɗaya mutum zai ji, ba wanda zai ɗaga hannu ya tambaya.

Ɗaliba: Tambaya ta daban. Fim ɗin Umar Mukhtar, Lion of the Desert na Moustapha Akkad, shi ne na fi so. Ya nuna sansanonin da Italiya ta tsare mutanen Libiya, ya nuna rataye dattijon a 1931. Kuka na yi. Amma ban tashi ina tir da yaƙinsa ba, tashi na yi ina girmama shi. Yana cikin wannan rukuni?

Mai Fassara: A ganina ba ya ciki. Wannan tir yake da mamaya, ba da ɗaukar makami ba. Fim ɗin gwagwarmaya ne, ɗan'uwan The Battle of Algiers na 1966. Wanda ke rikita ni Saving Private Ryan ne na Spielberg, 1998. Saukar sojojin Amurka a gaɓar tekun Faransa da suka laƙaba wa Omaha, a Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 6 ga Yuni 1944, sama da minti ashirin ana zubar da mutane tun kafin su fita daga jiragen ruwa, wani yana neman hannunsa da ya guntule. Ba tir da ya wuce wannan. Amma da tuta aka buɗe fim ɗin, da tuta aka rufe shi.

Tsohon Soja: Shi ya sa ya yi kyau. Ya girmama yaran da suka mutu, bai yi wa mutuwar tasu kwalliya ba. Wanda na tsana shi ne mai jarumi ɗaya ya kashe ɗari, harsashi bai ko ƙuje shi ba. Yaro ya kalla ya ɗauka haka fagen daga yake.

Mai Shiri: Dare ya yi, sai na tsayar. Zan ce "fim ɗin tir da yaƙi", in yi bayaninsa da jimla ɗaya a farkon shirin. Na Umar Mukhtar zan sa shi a na gwagwarmaya. Na Spielberg kuwa zan bar wa masu sauraro su bugo waya su yanke. Malam, a yi mini afuwa.

Malamin Nahawu: Gaɓa shida a wurin uku. To, shirinka ne. Amma ka ambaci cewa akwai masu cewa ƙi-yaƙi, ko sau ɗaya.

Mai Shiri: Zan ambata, tare da abin da Baba ya ce a kanta.

Malamin Nahawu: Ka fara da tawa hujjar tukuna.