Rustam bai gane ɗansa ba ne, ko ƙin ganewa ya yi?

Ɗan Gangare

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da adabi a wata sakandare a nan Jos, kuma sanyin bana ya zaunar da ni a ɗaki da Shahnama, doguwar waƙar sarakunan Farisa da Firdausi mutumin Tus ya kammala a 1010, baiti wajen dubu 50. A fassara nake karantawa. Labarin Rustam da Suhrab ne ya tsaya mini a rai, shi ne nake so masu ilimin halayyar ɗan Adam da malamanmu su taya ni dubawa.

A taƙaice ga wanda bai san shi ba: Rustam shi ne barden Iran da babu na biyunsa. Ya fita farauta, dokinsa Rakhsh ya ɓace, cigiya ta kai shi Samangan. Can ya auri Tahmina 'yar sarkin garin, ya kwana ɗaya, ya bar mata dutsen adon da ke damtsensa, ya ce in namiji ta haifa ta ɗaura masa. Ta haifi Suhrab. Yaro ya taso ƙato, ya matsa wa uwar sai da ta faɗa masa ubansa, ya ja rundunar Turan, ƙasar Turkawa abokan gābar Iran, ya nufi Iran don ya tumɓuke Sarki Kai Kawus ya ɗora ubansa a gadon sarauta. Uba da ɗa suka gamu a fagen fama, uban ya soke shi da wuƙa, sai a sannan ya ga dutsen.

Kowa cewa yake yi bai sani ba. Ni ban gamsu ba. Lokacin da Giw, ɗaya daga cikin baraden Iran, ya kai masa takardar sarki a Zabul, ƙasar su Rustam, takardar ta ce wani matashi ya ɓullo daga Turan mai kama da Sam, kakan Rustam ke nan. Da bakinsa Rustam ya ce abin da mamaki a sami irin wannan a cikin Turkawa, ya ƙara da cewa shi dai yana da ɗa a wajen 'yar sarkin Samangan, amma ai yaro ne ƙarami. Wato shi da kansa ya kawo zancen ɗan, shi kuma ya rufe shi. Daga nan ya zauna kwana uku yana shagali, alhali sarki ya ce kada ya tsaya ko'ina. Da ya shiga sansanin Turan da dare a ɓoye ya ga yaron, ya dawo ya ce kamar Sam ya gani. A fage Suhrab ya dube shi ya ce ina jin kai ne Rustam, ya amsa masa da a'a, Rustam barde ne, ni ƙaramin mutum ne da ba ni da gado ba ni da kambi. Washegari yaron ya zo da fara'a yana tambayarsa kwana, ya ce mu ajiye makamai mu zauna, zuciyata tana sonka, faɗa mini sunanka. Ya ce ba haka muka yi da kai jiya ba, kokawa muka ce.

Mutumin da ya ga duk wannan, me ya hana shi tambayar yaro ɗan gidan wane ne shi?

Ɗalibin Naraguta

Wa alaikumus salam Malam. A ajinmu an kawo wannan labarin gefe da na Odifus na Girkawa, wanda Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya gina ra'ayinsa a kai tun wajen 1900. A can ɗa ne ya kashe uba bai sani ba, a Shahnama kuwa uba ke cinye ɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Sarki Gushtasp ya tura ɗansa Isfandiyar ya ɗauro Rustam bayan an gaya masa a Zabul ajalin ɗan nasa yake, don kawai kada ya ba shi sarautar da ya yi masa alkawari. Kai Kawus ya bar ɗansa Siyawush ya ratsa wuta saboda ƙazafin Sudaba matar uban, ƙarshe yaron ya gudu Turan aka yanka shi. Ni a ganina tsoho ne ke tsoron wanda zai gaje shi.

Sannan Malam ku lura, waɗanda suka san labarin ta waƙar Matthew Arnold na Ingila ta 1853, a can cewa aka yi Tahmina ta aika masa da cewa mace ta haifa. Wannan uzurin babu shi a wajen Firdausi.

Malam Dilimi

Ɗana, tambayarka ta yi kyau, amma kada ku ɗauko wa Firdausi mutumin Khurasan awon Freud Bature na Biyana da ya zo bayansa da shekara wajen 900. Mutanen nan suna da nasu ilimin zuciya, kuma ba ƙarami ba ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, zamaninsu ɗaya da Firdausi, ya sa ciwon so cikin cututtuka a littafinsa Alƙanun, har ya bayyana yadda likita zai riƙe jijiyar hannun majiyyaci yana ambaton sunaye, inda bugun ya sauya to nan cutar take. Jalaluddin Rumi ya buɗe Masnawi da irin wannan: kuyangar sarki ta kwanta, likita ya riƙe hannunta yana zana mata garuruwa, da aka zo Samarƙand jijiya ta harba, ashe wani maƙerin zinariya take so a can. Mu kuma a zaure mun karanta nafsu mai umarni da mugun abu, da mai zargin kanta, da natsattsiya. Da wannan ma'aunin suka rubuta mutanensu.

Kuma Firdausi bai bar mu cikin duhu ba, ya faɗi abin da ya gani. A tsakiyar faɗan ya tsaya ya ce dabba tana gane ɗanta, kifi a ruwa da jakin dawa a fili duk suna ganewa, amma ɗan Adam saboda wahalar nema da haɗama ba ya bambance ɗansa da maƙiyinsa. Haɗamar nan ba ta Rustam kaɗai ba ce. Shi Suhrab ɗin da kuke tausayi, ai ba zuwa gaida uba ya yi ba, runduna ya jawo, yana cewa tunda Rustam ne uba ni ne ɗa, bai kamata wani ya sa kambi a duniya ba. Wanda ke neman ubansa takarda yake aikawa.

Ɓoye suna kuma dabarar yaƙi ce a wurinsu. Da Ashkabus, wani barde da suka kara da shi a wani yaƙin, ya tambayi Rustam sunansa, ce masa ya yi uwata ta sa mini suna ajalinka. Kada ka manta da hannun wasu: Afrasiyab sarkin Turan ya sa baradensa Human da Barman su tabbatar uba da ɗa ba su san juna ba, Hajir, barden Iran da Suhrab ya kama, ya ƙi nuna wa yaron cewa koren tantin nan na Rustam ne, kawun yaron da uwar ta haɗa shi da shi don ya nuna masa uban kuwa Rustam ya kashe shi da naushi cikin dare bai san ko wane ne ba. Ƙofa uku aka rufe. Abin da aka rubuta ba ya kankaruwa.

Maman Biyu

Baba Malam a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku. Aikin jinya nake yi a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ƙanena ya zana ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsakanin sani da rashin sani akwai wani wuri da mutum ke zama ya daɗe. Uwa takan ga ɗanta ya daina barci, ya rame, kuɗi na ɓacewa a ɗaki, ta ce ai karatu ne ya yi masa yawa. Ba ƙarya take yi ba, kuma ba makauniya ba ce. Tambaya ɗaya ce take gudu, domin amsar za ta rushe mata abin da take tsaye a kai.

To Rustam a kan me yake tsaye? Suna. Ku duba lokacin da Kawus ya fusata da jinkirinsa ya ce a rataye shi, ya yi fushi ya bar fada yana cewa shi ba bawan kowa ba ne. Duk lallashin da aka yi bai juyo ba sai da tsohon barde Gudarz ya ce masa mutane za su ce tsoron yaron Turkawa ne ya kore ka. Nan take ya juya linzami. Kuma abin a gidansu yake. Sam ya jefar da jaririnsa Zal a dutsen Alburz don an haife shi da farin gashi, yana gudun abin da manyan fada za su ce, tsuntsuwa Simurg ce ta raine shi. Zal ɗin nan shi ne uban Rustam. Gida ne da aka taɓa fifita bakin mutane a kan ɗa.

Ga kuma tsufa. Ranar farko bai iya da yaron ba, da dare ya kira ɗan'uwansa Zawara ya bar masa wasiyya, har da yadda za a rarrashi mahaifiyarsu. Ranar biyu yaron ya kayar da shi ya zare wuƙa, sai ya ce masa a al'adarmu ba a kashe barde a kayen farko. Yaro ya yarda ya sake shi. Da shi ya sami nasa kayen, ko numfashi bai bari ya yi ba. Wannan gaggawar ta mai tsoro ce. A lokacin nan in ya tambaya aka ce ɗansa ne, dole ya koma gaban rundunar Iran a matsayin wanda aka kayar aka yi wa afuwa.

Tahmina ce ba wanda ke magana a kanta. Ita ta hana yaron bayyana kansa tun farko, tana tsoron in uban ya ji yadda ya zama zai aiko a ɗauke mata shi. Shekara guda ta yi bayansa ta bi shi.

Ɗan Gangare

Allah ya gafarta Malam, na karɓi maganarku a kan Suhrab, ban auna haɗamarsa yadda ya kamata a auna ba sai da kuka jero ta. Amma batun ɓoye suna ina nan a kan bakana. Abin da ya faɗa wa Ashkabus kirari ne, ɗaga kai ne. A gaban Isfandiyar kuwa zama ya yi ya zano asalinsa tun daga Sam da Nariman da duk yaƙoƙin da ya ci. A gaban Suhrab kaɗai ya ƙasƙantar da kansa ya ce ni ba kowa ba ne. Ina ganin lissafi ya yi: in an kashe ni, to ba Rustam aka kashe ba, sunan ya tsira. Ya kare sunan, ya biya da ɗan.

Anti, da farko na so in kwatanta shi da kunyar ɗan fari irin tamu, uban da ba ya kiran sunan yaro, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane. Sai na ga ba su haɗu ba. Mai kunya ya san ɗan sarai, yana biyan kuɗin makaranta ta hannun ƙaninsa, yana tambayar lafiyarsa a kaikaice. Rustam ya taɓa aika wa uwar zinariya da duwatsu masu daraja, aka ce masa yaro bai isa ba tukuna, shi ke nan ya tsayar da shekarun yaron a nan cikin kansa, bai ƙara ƙirgawa ba.

Ƙofofi ukun da Malam ya ce an rufe gaskiya ne, amma duka a gaban Suhrab aka rufe su, shi ne mai nema. Rustam ba wanda ya rufe masa komai. Wanda ma ya fi kowa karantar lamarin shi ne Kawus: da aka aiko Gudarz neman maganin da ke taskarsa mai warkar da rauni, ya hana, ya ce in yaron nan ya tashi ya haɗu da ubansa, wa zai iya da su, ga shi ban manta zagin da Rustam ya yi mini ba. Shi bai ɗauki ko minti ɗaya ba wajen gane me haɗuwar uban da ɗan take nufi.

Ɗalibinmu, in kana da fassarar da ta kawo labarin Isfandiyar cikakke, ka duba mini wurin da Simurg ta gargaɗi Rustam kafin ta nuna masa itacen kibiyar da zai kashe Isfandiyar da ita. Ina son in ga ko a can, da aka faɗa masa sakamakon ƙarara, ya yi jinkirin da bai yi wa Suhrab ba.