Madatsar ruwa ta kashe mana sana'ar su, ina zan kai ƙara a Abuja?

Salam. Ni mazaunin Abuja ne, 'yan uwana masunta ne a bakin kogi a jihar Neja, su suka sa ni in wakilce su. Tun da aka datse kogin don lantarki, kifi ya daina hawowa fadama ya yi ƙwai da damina. Giwan ruwa ta ɓace, sai ƙananan karfasa. Kuma sai a saki ruwa cikin dare ba sanarwa. Kawuna ya wayi gari ba komar kamun kifi, ba kwale-kwale.

An biya wasu diyyar gidaje da amfanin gona, aka ce dokar amfani da filaye ta 1978 iyakarta ke nan. To mai su fa, gonarsa ruwa ce!

Mun bi ta wurin Sarkin Ruwa da hakimi, shiru. Na rubuta wa wani ofishi ina neman rahoton tasirin aikin ga muhalli, bisa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kwana 7 doka ta ba su, yau kwana 20, kullum "oga ba ya nan".

Don Allah masana shari'a, Babbar Kotun Tarayya zan nufa kai tsaye, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a zan fara zuwa?