Da lamirinka ya yi karo da koyarwar Ikilisiya, me ka yi?

Maman Tagwaye: Salama a gare ku 'yan'uwa. Bayan tiyatar da aka yi mini a haihuwar ƙarshe, likita ta ce wani ciki nan kusa zai iya zama ajalina, ta rubuta mini ƙwayoyin hana ɗaukar ciki. Na san Ikilisiyar Katolika ba ta yarda da su ba, Paparoma Paul na 6 ya faɗa ƙarara a wasiƙar Humanae Vitae ta 1968. Takardar maganin tana cikin jakata, na kasa saye, na kasa yagawa. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.

Uwar Biyar: Sannu 'yar'uwa. Mu hanyar lura da kwanakin jiki muka bi, wadda Ikilisiya ta amince da ita. Ba zan ɓoye miki ba, da wuya, musamman lokacin shayarwa da alamomi ke rikicewa. Akwai watannin da muka ƙaurace wa juna gaba ɗaya don tsoro. Da maigidana bai ba ni haɗin kai ba, da ban iya ba. Ki fara zama da naki mijin tukuna.

Tsohon Katekis: 'Yata, Allah ya ƙara sauƙi. Katekisim na 1992, littafin koyarwar Ikilisiya, ya faɗi abu biyu, mutane kuma kan ɗauki ɗaya su bar ɗaya. Sakin layi na 1790 ya ce dole mutum ya bi tabbataccen hukuncin lamirinsa, ya kuma ce lamiri yana iya yin kuskure. Na 1783 ya ce sai an ilimantar da shi, don haka koyarwar Paparoma da bishop-bishop ba shawarar da za a wuce ba a duba ba ce.

Ni nawa karon ta wani ɓangare ya zo. Shekara da shekaru ina koya wa masu shirin baftisma cewa hukuma na iya yanke hukuncin kisa in babu wata hanyar kare jama'a. A 2018 Paparoma Francis ya sauya sakin layi na 2267, aka ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne. A lokacin an kashe mini ƙane, zuciyata kuwa jini take nema. Na yi ta ce wa kaina lamirina ne ke magana. Sai da na durƙusa ina ƙoƙarin yi wa wanda ya kashe shi addu'a, bakina ya ƙi buɗewa, na gane fushi ne ke riƙe da ni. Har yau ina fama, amma abin da Ikilisiya ta ce shi nake koyarwa.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, na ji, amma ba kowane saɓani ne son zuciya ba. Ni na sha maganin. Na karanta, na yi addu'a, na duba yaran da zan bari marayu. Da na je furta zunubi na gaya wa Fada komai. Bai ce mini daidai ne ba, bai kuma kore ni ba. Ya ce in ci gaba da zuwa, kada in rufe tambayar. Nauyin yana wuyana a gaban Allah, na san haka.

Mai Zama a Baya: Aurena na farko ya mutu, na sake aure ba a coci ba. Duk Lahadi jama'a na tashi karɓar Jikin Almasihu, ni ina zaune ina janye ƙafa su wuce. Bayan wasiƙar Amoris Laetitia ta 2016, inda Paparoma Francis ya ce aikin Ikilisiya shi ne horar da lamiri, ba maye gurbinsa ba, Fadanmu ya zauna da ni sosai. Yanzu maganata tana kotun Ikilisiya, ana binciken ko auren farko ya ɗauru tun asali.

Maman Tagwaye: Na gode ƙwarai. Uwar Biyar, wa ya koya muku hanyar, kuma yaya kika yi da watannin shayarwa? Zan koma wurin likita tare da maigida mu ji tsawon tazarar da ake bukata, daga nan mu ga Fada tare.