Buga gem da mutane ta intanet ɗin layin tarho: wace na'ura ce za ta yi?

Ɗan_Kwali:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai Dreamcast da PlayStation 2 da Xbox na farko, intanet kuma ta layin tarho ce kawai, modem 56k. Wanne ne zai shiga wasa da mutane? Kuma me ke sa layin ya katse ana tsakiyar wasa?

Mai_Sukudireba:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Xbox dai ka ajiye shi gefe. Ba shi da modem, ramin Ethernet (na kebul ɗin intanet mai sauri) kaɗai gare shi, kuma tun da aka buɗe Xbox Live, tsarinsa na wasa ta intanet, a 2002 intanet mai sauri ya ce yana so. Wasu na haɗa shi da kwamfuta ta kebul su raba masa layin, amma muryar 'yan wasa kaɗai sai ta cinye ɗan abin da ke akwai.

Dreamcast shi ne ɗan gida a wannan harka, don da modem a jikinsa ya fito: na Amurka 56k, na Turai 33.6k. PS2 sai ka ɗaura masa adafta a baya, kuma ka duba da kyau. Ta Amurka rami biyu gare ta, na tarho da na Ethernet, ta Turai kuwa Ethernet kawai. Ko da adaftar, wasan harbi na SOCOM ba ya karɓar layin tarho.

Hajiya_Ping:
Malam, matsalar ba yawan data ba ce, jinkiri ne. Wancan 56k suna ne kawai. Saukewa yawanci 40k da ɗoriya ake samu, aikawa kuma ba ta wuce 33.6k a modem 56k samfurin V.90. Saƙo ya je ya dawo yakan ɗauki milisakan 150 zuwa 250. A wasan harbi wannan ya isa ka harbi wurin da mutum ya riga ya bari.

Shi ya sa Phantasy Star Online ya fi zama daram. Mutum huɗu ne a ɗaki, kuma yawancin lissafin motsin dodanni na'urarka ce ke yin sa, ba sai ta jira kowa ba. Quake III Arena na Dreamcast ma mutum huɗu aka ƙayyade masa saboda haka. Kada ka yarda a wasan da na'urar ɗan wasa ke riƙe ɗaki ka zama kai ne mai riƙewa. Kowa zai dinga tsalle-tsalle a allo.

Mai_Sukudireba:
Batun katsewa, fara da tsarin kiran jira. Ƙarar nan da ke shigowa in wani ya kira ka ita ke rikita modem. A Amurka da Kanada *70 ake sawa don kashe shi, sai waƙafi, sannan lambar kamfanin intanet da modem ke kira. Cire duk wani kan tarho da ke layin, ka yi amfani da gajeriyar waya kai tsaye zuwa bango. Ɗaga tarho, danna lamba ɗaya don ƙarar layi ta yi shiru, ka kasa kunne. In kana jin ƙaraf-ƙaraf, modem zai yi ta tsayawa yana daidaita kansa, wasan kuma ya daskare na daƙiƙoƙi. Modem masu guntun Rockwell suna karɓar umarnin AT%C0, wanda ke kashe matse data, yana rage ɗan jinkiri.

Ɗan_Kwali:
Na gode ƙwarai. To sabobin wasannin Dreamcast, wato kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa, suna nan kuwa?

Hajiya_Ping:
Na Sega an daɗe da rufe su, magoya baya ne ke riƙe da nasu, irin Sylverant na Phantasy Star Online. Sai ka canja lambar DNS, wadda ke nuna wa na'ura inda sabar take, a saitin na'urar. In layin ya ƙi, akwai DreamPi: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi da modem na USB, Dreamcast ya kira shi kamar kamfanin intanet. Wayar da ke tsakaninsu ba ta da wuta, don haka ana saka batir 9V da rezista da kafasita a kanta. Dreamcast na Turai batir biyu yake so.