Na'urar auna gas a tanki: ta hana sata ko sauya mata hanya ta yi?

Alhaji Lawal: Jama'a, ana ta cewa duk tirelar da aka sa wa na'urar auna mai aka haɗa da tiraka, wato na'urar bin sawun mota mai aiko da saƙo, satar gas ta ƙare. Masu sani, haka ne?

Injiniya Bishir: Ranka ya daɗe, in an ɗaura ta daidai, zuƙa da tiyo dai ta ƙare. Sanda ce mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya. Ana huda saman tanki a tsakiya don hawa da gangara kada su ruɗe ta, a yanke ta daidai zurfinsa, a bar kamar santimita 2 daga ƙasa. Sai a juye tankin kaf, a riƙa zuba lita 20-20 ana rubuta abin da ta nuna har ya cika. Wanda ya tsallake wannan awon, lissafinsa shirme ne. Mota mai tanki biyu, sanda biyu.

Malam Sada, bakanike: Injiniya, ka manta da bututun ritan. Injin gas ba ya ƙone duk abin da famfo ya ja, saura komawa tanki yake. A tsaga nan a sa ƙaramin tiyo, mai na ɗiga cikin jarka mota na tafiya. Na'urarka za ta ɗauka inji ne ke sha, ko ƙyas ba za ta ce ba.

Injiniya Bishir: Wannan gaskiya ne, don ana saita ta ne a kan faɗuwar farat ɗaya, misali lita 10 cikin minti 5 mota a tsaye. Maganin ritan mita ce mai auna abin da ya shiga inji da abin da ya dawo. In ta yi tsada, a gwada shan motar a kilomita 100 da na 'yar'uwarta mai kaya ɗaya a hanya ɗaya.

Kabiru direba: Ku duba ta namu ɓangaren. Gas na kumbura da zafi. Tanki mai lita 400, in sanyin asuba ya sauko da digiri 10, kusan lita 3 za su ɓace ba wanda ya taɓa. In kuma gurɓataccen mai ne da ruwa ya kwanta a ƙasa, sandar sama take nunawa, kamar an ƙara. Sai a hau direba da zargi.

Malam Sada: Ga kuma sabis. Mota ta haura Kwangwalam ko Jibiya ta shiga Nijar da layin da ba ya aiki a can, tiraka ta adana bayanin sai an dawo. Labari ya iso, mai ya daɗe da shiga jarka.

Alhaji Lawal: To gidan mai fa? Rasit ya ce lita 300, tanki ya ga 260?

Injiniya Bishir: Nan kam ba ta da na biyu, Alhaji. A haɗa rasit da abin da ya hau a daidai lokacin da wurin. Amma a sa wa kan sandar da wayoyinta hatimi, kuma tirakar ta zama mai ƙaramin batir a ciki, don in an cire kan batirin mota ta aiko da saƙo.